Zuwaira Uwar Randa

Akwai wata budurwa a Damagaram ana ce mata Zuwaira. Ba sai an faɗi unguwarsu ba, don mutanen da abin ya shafa suna nan da ransu. Zuwaira ba ta sata, ba ta zagi, ba ta da ƙiwuya. Abu ɗaya ne ya yi mata yawa, tana son a ce ita ce. In aka yaba wata a gabanta, ko a kan iya tuƙin tuwo ne, ranar ba ta cin abinci da daɗi. Uwarta ta sha gaya mata wannan hali zai wahalar da ita, sai dai ta zumɓura baki ta tashi.

Shekarar da ruwan sama ya yi ɓarna, unguwarsu ta zube kamar an taka ta. Bangon ɗaki ya faɗa wa uwarta ta rasu, ubansu kuwa dama ya daɗe da rasuwa. Aka bar Zuwaira da ƙanwarta Raudatu, ƴar ƙarama da ko wankin kaya ba ta iya ba. Aka kwashe mutane aka zuba su a azuzuwan lakkwal, wato makarantar boko, aka raba tabarmi da ƴar shinkafa. Kullum sai a ce gobe mutanen meri, ma'aikatan magajin gari, za su zo. Mutane suka gaji da jiran goben nan.

A nan Mai Nasara ya same su. Da can mai tallar maganin basir ne a tasha, da ƴar lasifikarsa. Wannan karon bai zo da lasifika ba, da rawani ya zo. A hankali yake magana, sai ka matso kafin ka ji. Yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana tambayar sunan wanda suka rasa, kuma ba ya mantawa. Ba ya sa loma a baki sai yara sun ci. In ya dube ka sai ka ɗauka duk duniya ba wanda ya taɓa ganin wahalarka sai shi.

Da mutane suka saba da shi, ya fara faɗa musu abin da wai aka nuna masa. Ya ce ruwan nan ba damina ba ce, duniya ce ta ƙare. Ya ce duk masu yawo a cikin birni sun riga sun mutu, ba su dai sani ba, shi ya sa suke wuce masu kuka ko waiwaye ba sa yi. Ya ce su da ruwa ya taɓa bai ɗauke ba, su ne Ragowa. Limamin unguwa ya zo ya ce wannan magana ba ta cikin addini, su ji tsoron Allah. Amma liman gidansa bai faɗi ba, sai mutane suka ƙi saurarensa.

Haka wasu suka ɗaure ƴan tsummokaransu suka bi Mai Nasara zuwa wasu duwatsu da ke gaba da Tirmini, nesa da kwalta. Zuwaira ta ja hannun Raudatu ta bi. Tsakanin duwatsun akwai tafkin da ruwan sama ya taru. Daga nan ake ɗibar ruwa a cika wata babbar randa. Kowace safiya Mai Nasara yana tsoma hannuwansa a ciki har gwiwar hannu, kuma ba mai shan wani ruwa sai wannan.

Wata rana ya ga Zuwaira tana wanke moɗa da toka. Ya tsaya a gaban kowa ya kira sunan uwarta, ya ce marigayiya ta bar ƴa mai tsarkin hannu. Ya ce daga yau ita ce Uwar Randa, ba mai sha sai ta hannunta. Zuwaira ta ji kamar an ɗaga ta sama. Tun da take ba a taɓa yabonta haka ba.

Aikin Uwar Randa ba ba da ruwa kaɗai ba ne. Ita ke lura da wanda ya ɓata fuska in yana sha, da wanda ke yawan duban hanyar birni, ta kai wa Baba, kamar yadda suke kiran Mai Nasara. Duk sanda ta kai magana sai ya ce, “Da ina da irinki biyu, da na huta.” Saboda ta sake jin wannan kalma, ta koma neman abin kaiwa ko babu.

Cikin Ragowa akwai Munira, maƙwabciyarsu, mai goyon ɗa namiji. Uwar Munira, Inna Sa'a, ba ta biyo su ba. Tsohuwa ce da ta sha ba Zuwaira ƙanzo tana ƙarama. Wata rana da tsakar rana sai ga ta, ta sauka daga kamiyo, babbar motar kaya, a bakin kwalta ta tako da ƙafa har duwatsun. Leɓɓanta sun bushe sun tsage. Masu gadi suka tare ta kusa da randa, suka ce ba ta ganin kowa. Ta zauna a ƙasa tana haki, ta hango Zuwaira da moɗa a hannu.

“Zuwaira, ƴar nan, ba ni ruwa in jiƙa maƙoshi, sai mu yi magana.”

Kowace yarinya a Damagaram ta san baƙo ba a tambayarsa abin da ya kawo shi sai ya sha ruwa. Hannun Zuwaira har ya nufi randa da kansa. Sai ta ga Mai Nasara zaune a inuwar dutse yana kallonta. Ta kife moɗa a kan murfi.

“Matacce ba ya shan ruwa,” in ji ta.

Inna Sa'a ta daɗe tana dubanta. Ba ta yi zagi ba. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta kama hanya cikin rana. Ranar Mai Nasara ya yabi Zuwaira har sau biyu. Da yamma ta ga Munira tana kuka a ɓoye, ta je ta kai.

Ba a daɗe ba amai da gudawa suka shigo. Mutum zai tashi lafiya, kafin la'asar idanunsa sun faɗa ciki. Mai Nasara ya ce ruwan randa ne ke tona masu shakka, ya ce a riƙa kai su bayan dutse har shakkar ta fita. Ba a ba su ruwa a can. Zuwaira ke faɗin wanda za a kai. Da Munira ta kwanta, Zuwaira ta ce ai dama ta faɗa, tun ranar da ta yi wa matacciya kuka. Aka cire mata jariri daga baya aka kai ta. Daga randa ana jin muryoyinsu suna kiran ruwa, har muryoyin suka ragu. Munira ba ta dawo ba. Ba a yi mata wanka ba, ba a yi mata salla ba.

Zuwaira ta daina barci sosai, amma ba ta daina riƙon moɗa ba. Ta gaji, kowa ya gaji, ba mai ƙarfin tambaya.

Sai wata safiya Raudatu ta kasa tashi. Ta ɓata zanenta, tana cewa, “Yaya, ƙishi.” Zuwaira ta je ta durƙusa gaban Mai Nasara ta ce yarinya ce, ba ta ma san mene ne shakka ba. Ya dube ta da idon nan nasa mai taushi, ya kira sunan uwarta, ya ce ya san Uwar Randa ba za ta ba shi kunya ba, ita da ta kai ƴaƴan wasu. Ya ce ta kai ta da hannunta.

Ta goya Raudatu ta nufi bayan dutse. Ba ta taɓa zuwa ba sai ranar. Ta ga abin da ke wurin, ta ga ƙudaje, ta gane zanen Munira. Ta ga kuma ƙazantar wurin duk tana gangarawa cikin tafkin da take ɗibar ruwa. Ba ta ajiye yarinyar ba. Ta zagaya ta ƙasan dutsen ta shiga gonakin hatsi, tana tafiya tana faɗuwa.

Wani manomi mai amalanke, Nomau, ya gan su. Bai tambaye ta daga ina ba. Ya kwance gorarsa ya miƙa mata tukuna. Zuwaira ta riƙe gorar wanda aka koya mata matacce ne, ta ɗura wa Raudatu, ta sha ita ma. Ya kai su likita, aka sa wa yarinyar ƙarin ruwa. Da aka tambayi Zuwaira ko akwai wasu, ta faɗi komai, har da nata. Ita ta shiga gaban motar jandarmomi ta nuna hanya.

Mai Nasara bai gudu ba. An same shi kwance gefen randa, shi ma ciwon ya kama shi, don abin da yake ba mutane shi yake sha. A rumfar likita Zuwaira ta wuce ta gabansa. Ya rame, ba rawani, ɗan ƙaramin mutum. Ya ɗaga ido ya ce a hankali, “Uwar Randa.” Sai ta ji zuciyarta ta yi sanyin daɗi kamar da. Wannan ya fi komai ba ta tsoro. Ta fita waje ta yi ta amai, ba na ciwo ba. Da Mai Nasara ya warke, jandarmomi suka tafi da shi.

Raudatu ta tashi. Ɗan Munira ma ya rayu, aka kai wa kakarsa. Zuwaira ta koma birni, amma waɗanda suka tsira ba sa amsa mata sallama. Ta daɗe tana juya abin kafin ta je yi wa Inna Sa'a gaisuwar mutuwa. Ta tsaya a bakin ƙofar ƴar bukkar da tsohuwar ta kafa a kan kufansu. Ta durƙusa ta ce, “Inna, ya haƙuri?” Inna Sa'a ta gyara goyon jikanta, ta shiga ciki, ta fito da kwanon sha cike.

“Sha,” in ji ta. “Kin sha rana.”

Zuwaira ta sha tana kuka, ruwan na zuba a wuyanta. Ta fara cewa a yafe mata. Tsohuwa ta karɓi kwanonta.

“Ruwa haƙƙinki ne, na ba ki. Wancan kuwa ba ni da shi yanzu. Tashi ki tafi.”

Tun daga ranar Zuwaira ke bin layin fanfo da safe, ta cika bido, wato jarka, ta ajiye a ƙofar Inna Sa'a, ta tafi ba ta yi sallama ba. Ba mai yaba mata. Tsohuwar ba ta taɓa shigar da bidon ciki ba, maƙwabta take kira su ɗauka. Zuwaira ta sani. Gobe ta sake kawowa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, mu yi hattara da son yabo, don ta nan mugu yake shiga, kuma ba da tsawa yake zuwa ba, da murya mai daɗi yake zuwa lokacin da muka gaji. Duk wanda ya ce miki ke kaɗai ce mai kirki, sauran mutane ba mutane ba ne, har ya sa ki hana mai ƙishi ruwa, ki guje shi ko da ya san sunan uwarki. In kuma kin riga kin yi ɓarna, ki juyo, Allah yana karɓar tuba. Amma kada ki tsaya jiran wanda kika cuta ya ce miki sannu, don wanda aka kai bayan dutse ba ya dawowa. Allah ya tsare mu.