Ramin da Nadir Ya Toshe da Siminti

Akwai wani mutum a ƙauyenmu na saman kwarin Chitral, sunansa Nadir Aman. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana aikin ofis a Peshawar. Ya dawo gida da tabarau, da tagogin alminiyam guda huɗu, da kuma tabbacin cewa duk wanda bai taɓa barin ƙauye ba bai san komai ba.

Kafin sanyi ya kama, ya gyara ɗakin mahaifiyarsa, Zar Bibi. Ya kafa tagogin, ya rufe kafar rufi da gilashi, ya liƙa roba a gefen ƙofa. Ko tururuwa sai ta nemi izini.

Saura abu ɗaya. A gindin bango, bayan murhun ƙarfe, akwai rami mai faɗin tafin hannu da ya ɓulle waje. Kowace yamma tsohuwar takan ajiye gutsuren gurasa a bakinsa, wai na "mai tsaron gida", kamar yadda surukarta ta koya mata.

"Nan, wa kike ciyarwa a nan?" ya tambayi uwar, don "Nan" muke kiran uwa a yarenmu.

"Wanda ya riga ka zama a gidan nan."

"Ɓera ke nan."

"Kira shi yadda ka ga dama, ɗana, amma kada ka rufe masa ƙofa. Babanka har ya mutu bai taɓa ramin nan ba."

"Ai Baba bai yi makaranta ba."

Washegari ya kwaɓa siminti ya toshe ramin, ya shafe shi sumul.

Itacen gidan ba abin zargi ba ne. Itacen da muke kira balut ne, mai tauri, wanda ƙanin babansa, Purdum, ya saro daga dutse shekara biyu da suka wuce, ya bushe ƙayau a ƙarƙashin rumfa. In ka haɗa guda biyu ka buga, sai su yi ƙara kamar faranti. Irinsa ba ya hayaƙi.

Amma ran da aka fara hura wuta, sai ga hayaƙi.

Kuma ba ya tashi sama kamar na mutane. Ta bakin murhu yake tsiyayowa, ya kwanta a ƙasa, ya rarrafa kan darduma har gindin bangon nan, ya taru a gaban simintin kamar mai jiran a buɗe masa. Bututun hayaƙin murhun ya riƙa wani nishi, a hankali, irin na mara lafiya da ba ya so a ji. Kyanwar gidan ta kwashe 'ya'yanta ta koma turken awaki.

Abin da ya fi ta da hankalin maƙwabta shi ne wutar kanta. Da zarar an buɗe ƙofa sai ta miƙe tsaye kamar mai gaishe da baƙo. A rufe ƙofa, ta kwanta. Matan unguwa suka ce lallai akwai wanda take tashi dominsa. Suka rage zuwa shan shayi.

Nadir ya kwance bututun ya kakkaɓe, bai sami ko sheƙar tsuntsu ba. Ya ƙara masa tsawo. Ya faskara itacen ƙanana. Ya sayo sabon murhu daga kasuwa. Hayaƙin ya karɓi sabon murhun hannu bibbiyu.

Zar Bibi kuwa ciwon kai ya kama ta. Mace mai tashi kafin zakara, sai ga ta tana gyangyaɗi da hantsi, ƙwaryar tankaɗe a cinya.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Nadir ya tare baffansa a ƙofar masallaci.

"Mik," ya ce, yadda muke kiran baffa, "gaya mini gaskiya. Itacen nan ɗanye ne, ko kuwa daga maƙabarta ka saro?"

Purdum ya dube shi daga hula har takalmi. "Au, injiniyan Peshawar ya fara tsoron maƙabarta? Mu je in ga abin da ka ɓata."

Da suka isa, ƙofar ta ƙi buɗuwa da sauƙi, kamar wani ya riƙe ta daga ciki. Suka fizge ta. Ɗakin shiru, hayaƙi ya kai gwiwa. Tsohuwar tana kwance a gindin bango, kanta dab da simintin, gutsuren gurasa a hannunta.

"Nan! Nan!"

Ba ta motsa ba. Suka ciccibe ta suka fitar kan dusar ƙanƙara. Purdum yana murza mata tafin ƙafa, Nadir yana karanto addu'o'in da ya ɗauka ya manta da su tuntuni. An jima kafin ta yi tari.

Purdum ya koma ɗakin, ya ja ƙofa, ya ɗauki gatari ya bugi simintin da ƙeyarsa. A bugu na uku simintin ya faɗo. Iska ta kutso da fito, bututun ya yi shiru, wutar ta miƙe garau ta tsaya.

"Wuta numfashi take yi, kamar ni da kai," in ji tsohon. "Bututu fitarwa yake yi, ta nan take shaƙa. Ka shaƙe mata wuya, sannan ka zo kana tuhumar itacena. Shekara sha ɗaya, ba a koya muku wannan ba?"

Nadir ya ɗauki simintin da ya faɗo yana juyawa a hannu. Fuskar simintin da ke kallon cikin rami duk an karce ta, layi biyar-biyar, masu zurfi.

"Ɓera ne," ya ce.

"Ƙwarai," in ji Purdum. "Babban ɓera."

Zar Bibi ta warke. Ramin yana nan a buɗe. Gurasar kuma tana ɓacewa kowace rana, kuma yanzu Nadir ne ke ajiye ta da kansa. Ya ce don kwanciyar hankalin tsohuwa yake yi. Ba wanda ya yi masa musu.

Darasi: Kafin ka toshe abin da magabata suka bari a buɗe, tambayi dalilinsa. Ko bayaninsu bai gamsar da kai ba, wataƙila aikinsa ne ke riƙe da ran wani. In murhunka na hayaƙi alhali itacenka busasshe ne, duba ta inda iska ke shiga, kuma kada a bar kowa cikin rufaffen ɗaki da wuta. Ku tura wa duk wanda ya dawo daga birni da buhun siminti.