Ƙirjin Nomau Ranar Jarrabawa

An yi wani bawan Allah a wani gari, tun zamanin da makarantar koyon likitanci ɗaya ce tak a duk yankin. Sunansa Nomau. Ɗinkin takalma yake yi a gindin wata bishiyar bedi, daura da ƙofar babban asibiti. Bai yi boko ba, karatun allon ma iyakarsa abin da zai yi salla.

Nomau yana da ciwon zuciya tun yana saurayi. In likita ya ɗora masa abin sauraren ƙirji, sai ya ji wani huci a bayan kowane bugu, kamar zugazugin maƙeri. Malaman makarantar suka ga ƙirjin nan ya dace da koyarwa. Aka shirya cewa duk shekara, ranar jarrabawar ƙarshe, zai zo ya kwanta ɗalibai su saurara su faɗi cutar da suka gano, asibiti kuma ya riƙa ba shi magani kyauta. Shekara goma sha ɗaya ana haka. Da maganin nan yake numfashi, da shi yake iya zama ya ja zare.

To, ku saurara. Wata shekara aka ce hukuma za ta turo mai bincike ta ga ko makarantar tana koyarwa yadda ya kamata. Shugaban makarantar, Likita Ladan, ya san ɗaliban bana ba su samu karatu ba, don rabin malamai sun watse. Saura kwana uku a yi jarrabawa, ya kwaso ɗaliban ya tsayar da su a kan Nomau, ya ce, "Gado na huɗu ke nan. In an tambaye ku, ga abin da za ku ce." Ya biya musu, suka haddace.

Da suka fita ya dubi Nomau. "Malam Nomau, in baƙuwar da hukuma za ta turo ta tambaye ka ranar jarrabawa, ka ce ranar ka fara ganin yaran nan."

"Ranka ya daɗe, ai ga shi na gan su."

"Ka dai tuna wanda yake sa hannu a katin maganinka."

Ranar jarrabawa ɗalibai suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi amsa tiryan-tiryan. Sai wani dogo ya shigo. Ya ɗora abin sauraren a gefen dama na ƙirjin Nomau, inda babu zuciya, bai ma sa shi a kunne sosai ba, ya ɗago ya zayyano amsa daidai. Aka ba shi maki.

Nomau yana kwance yana kallon silin. Ya san inda ake tura waɗanda suka ci: ƙauyuka, inda likita ɗaya yake duba gari goma, babu wanda zai gyara masa kuskure.

Baƙuwar, wata dattijuwar likita mai suna Asabe, ta matso ta gaishe shi. "Baba, yaran nan sun taɓa duba ka kafin yau?"

Jama'a, ku sa kanku a gadon nan. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da maganinsa, ga Likita Ladan a tsaye.

Nomau ya ce, "Ranki ya daɗe, ba su duba ni ba, an dai nuna musu ni. Kwana uku ke nan da aka gaya musu abin da za su ce. Ni ban san likitanci ba, amma na san gefen da zuciyata take."

Likita Asabe ta rubuta duk abin da ta ji, ta kai wa hukuma. Kuna tsammani an rufe makarantar? An sake jarrabawar? Takardar ta shiga wani ofis, ba ta sake fitowa ba. Ɗaliban duka suka ci, aka yi biki, aka ɗauki hotuna. Wata na zagayowa Nomau ya je karɓar magani, aka ce babu sunansa a littafi.

Ƙafafunsa suka fara kumbura. Ya daina zuwa gindin bedi. Matarsa Tabawa ta zauna kusa da shi tana masa fifita, ta ce, "Malam, me ka samu? Yaran sun ci, shugaban yana kujerarsa, kai kaɗai aka bari a kwance."

Ya daɗe yana neman numfashi kafin ya ce, "Ban samu komai ba, Tabawa. Tambayata aka yi. Da na ce ban gan su ba, duk wanda yaron nan ya kashe a ƙauye, da hannuna a ciki."

Kafin damina ta fita Allah ya yi masa rasuwa. Mutum tara suka bi gawarsa, babu ko ɗaya daga makarantar. Dogon nan kuwa an tura shi ƙauye, ya yi shekaru yana rubuta wa mutane magani. Adadin waɗanda suka shiga ɗakinsa da ƙafarsu aka fito da su a makara, Allah kaɗai ya sani.

Ban kawo muku labarin nan don na ce gaskiya tana biya a duniya ba. Sau da yawa ba ta biya. Amma wajibi ce ko da ba ta canza komai ba, domin kowa abin da ya fito daga bakinsa za a tambaye shi. Kai malamin da kake ƙara maki don uban yaro ya yi maka waya, kai uban da kake nema wa ɗanka amsa kafin jarrabawa, ke da kike sa hannu a takardar da ba ki karanta ba, duk kuna cikinmu a zaune. Wanda kuka tsallakar bai iya ba, wata rana shi za ku tarar a bayan tebur, kuna riƙe da mahaifiyarku tana numfashi sama-sama. A ranar ba ku da wanda za ku kai wa ƙara. Allah ya shirye mu, ya jiƙan Nomau.