Kurege da Tulunan Tatsuniya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, ta wuce.

Ranar wata Talata ce, uku ga Sha'aban, an wayi gari da yayyafi. Kada ku tambaye ni shekara. A lokacin duk tatsuniyoyin duniya suna wurin Baba Kunkuru, kowace iri da tulunta: na dabbobi daban, na dodanni daban, na asalin abubuwa daban, na kacici-kacici daban. Shekara arba'in ya yi yana warewa. Sai bayan magariba yake buɗe tulu ɗaya, masu sauraro su ba shi gyaɗa.

Gyaɗar nan ce ta tsone wa Kurege ido.

Ya ce, "Baba, ara mini tulu ɗaya."

Kunkuru ya ce, "Kai ɗan nan, ba a tatsuniya da rana. In ta kama dole, sai an ɗaure Gizo da tsinke."

"To, Baba."

Kunkuru na juya baya, Kurege ya juye tulunan duka a buhu guda, ya yi kasuwa. Bai jira magariba ba, bai ɗaure Gizo ba. Ya kwance bakin buhu, tatsuniyoyi suka watse, kura a labarin amarya, amarya a labarin kwaɗo. Can ƙasa sai ga Dodo. Caraf, ya damƙe wutsiyar Kurege.

"Wa ya tashe ni da rana tsaka? Yau kai ne kalacina."

"Ranka ya daɗe, ai ba a cin mai tatsuniya sai an amsa masa. Ƙulunƙulufita!"

Dodo ya yi tsaki. "Gauta."

"Ɗakina ba ƙofa, baƙi biyu a ciki."

Dodo ya ce ƙwai. A'a. Ya ce kabewa. A'a.

"To, ba ni gari."

"Na ba ka Daura."

"Je ka ɗauko mini. In ka kawo, in faɗa maka, ka cinye ni."

Dodo ya saki wutsiya ya nufi Daura. Har yau yana can yana neman inda zai kama ya ɗaga. Amsar kuwa gyaɗa ce. Me Kurege ya sani banda ita?

Kunkuru ya tarar da tulunansa wayam, tatsuniyoyi sun bi gari gari, kowa na faɗa yadda ya tsinta. Kwana bakwai yana rubuta wa Kurege wasiƙar faɗa, yana gogewa, yana sakewa. Ran na takwas ya naɗe ta, ya ba Hawainiya ta kai. Har yau tana hanya, ba ta isa ba.

Ƙurunƙus kan kurege. Wanda zai yi ɓarna, ya nemi mai gidan da ɗan aikensa hawainiya ce.