Wa Ke Shanye Batirin Babur ɗin Baba?

Akwai wani mai sayar da takalma, Yaya ake ce masa a gida, da mahaifinsa ya rasu ya bar musu tsohon babur, irin mai nauyin nan da aka daina ƙerawa. Gida ɗaya yake zaune da mahaifiyarsu Inna, da matarsa mai taya shi a shago, da ƙanensa tela, wanda ake kira Auta ko da yake furfura ta fara leƙo masa. Babur ɗin yana ɗakin ajiya cikin tamfol, sau ɗaya a mako Yaya yake fito da shi.

Wata Asabar da ƙarfe bakwai na safe ya yi ta buga kiki har rigarsa ta jiƙe. Shiru. Ko ham sai ɗan nishi.

Ya tura shi wurin bakanike, aka sa sabon batir. Mako ya zagayo, sabon ma ya mutu.

Bakanike ya tayar da inji ya murza totur, fitila ta ƙara haske, wato caji lafiya lau. Ya cire waya ɗaya daga kan batir ya haɗa ƙaramin ƙwan fitila a tsakani, don in wuta na zurarewa a ɓoye ƙwan zai kama. Bai kama ba. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya kankare tsatsa, ya sosa ƙeya.

"Maigida, babur ɗin nan ya fi ni lafiya."

"To aljanu ke shanye shi?"

"In su ne, ba layina ba ne. Bar min shi in gani."

Ya yi mako guda a gareji, ya tashi da bugu ɗaya. Bakanike ya ce, "Ciwon yana gidanka."

Yaya mutum ne da ba ya son a ce abu ya shige masa duhu. Ya ɓoye makulli, batir ya mutu duk da haka. Sai ya ja Auta bayan ɗaki ya ce shi yake zargi, yana magana ƙasa-ƙasa don kada Inna ta ji ranta ya ɓaci.

"Yaya, ni ko hawa ban iya ba."

"Ba hawa na ce ba. Cirewa kake ka kunna fitila a shagonka."

"Da me zan kwance shi? Da allura?"

"Yi ta dariya. In ya sake mutuwa, ɗayanmu zai bar gidan nan, kuma ba ni ba ne."

Ya sake mutuwa. Auta ya ɗaure kayansa ya bar gidan. Aka gaya wa Inna wai ya sami ɗaki kusa da shago ne. Ta ce Allah ya sa alheri, amma ranar ba ta ci abinci ba.

Da mako ya zagayo Yaya ya buga kiki. Shiru.

Nan kansa ya ɗaure. Ya zargi bakanike, ya zargi mai batir, ya zargi ɓeraye, har ya fara shakkar ko shi ne yake mantuwa.

Wata rana zazzaɓi ya dawo da shi gida da tsakar rana. Ya hangi haske a ɗakin ajiya. Inna ce a zaune kan 'yar kujera, ta yaye tamfol, babbar fitilar babur tana ci, tana ɗinke ɓarakar zane.

"Inna! Makulli fa yana aljihuna."

"Wane makulli? Ga ɗan makunninta nan a ka, babanku ne ya nuna mini. Idona ya yi rauni, kuma in ta kama sai in ji kamar ya dawo daga aiki. Kullum in kun fita nakan zo."

"Kullum?"

"Kwantar da hankalinka, ba ta shan mai. Inji a kashe yake, na tabbatar. Me ya faru ka yi wuri-wuri haka?"

Yaya ya zauna a ƙasa. An duba kowace waya a jikin babur, amma babu wanda ya tambayi tsohuwa, don an ɗauka ba ta san komai ba.

Ya je shagon Auta ya ba shi haƙuri. Auta ya ɗago daga kan keke ya ce, "Na yafe, Yaya. Zan riƙa zuwa gaida Inna. Amma gidan da aka taɓa nuna mini ƙofa, barci ba zai ɗauke ni a cikinsa ba."

Waɗanda suka rage a gidan su ne Inna, da Yaya, da matarsa, da babur, da ɗakin Auta da har yau ake sharewa.

Darasi: In abu ya ɗaure maka kai, ka ce ban sani ba, ka tambayi kowa har wanda ka raina saninsa, kafin ka ɗora wa ɗan'uwanka laifi. Batir ana yi masa caji ya dawo, zuciyar da aka zarga kuwa ba kullum ba. Ku tura wa 'yan'uwanku, ko Allah zai sa wani ya tsaya ya yi tambaya.