Agogon da Ya Cinye wa Uwani Minti Goma Sha Biyar

Akwai wata mata mai suna Uwani, 'yar asalin Uke, da ta shekara goma sha ɗaya tana goge-goge a wani asibitin kuɗi a Maitama. Kullum daga Mararaba take shigo motar safe, ta yini a duƙe da bokiti, har gwiwoyinta suka fara ƙara idan za ta miƙe.

Sai aka ce ana neman mai ba da kati mutum ɗaya, kuma kowane ma'aikaci na iya nema. Sharaɗin kawai jarrabawa ce a kwamfuta: tambaya arba'in, minti talatin.

Uwani ta yi sakandare kafin aure, karatu bai ba ta tsoro ba. Kwamfutar ce matsalar. Wata uku ta yi tana zuwa shagon maƙwabciyarta Serah duk Lahadi da yamma, har hannunta ya saba da linzamin kwamfuta.

Manhajar jarrabawar kuwa Oga Ebenezer ne ya rubuta ta, shugaban sashen kwamfuta. Mutumin kirki ne, matuƙar ba a taɓa aikinsa ba. Ya ƙi amfani da maɓallin nan na gama-gari mai kusurwa huɗu, ya ce na ƙauye ne. Mako guda ya ɓata yana ƙera nasa: kore, zagayayye, yana sheƙi idan linzami ya hau kansa, an rubuta FARA a tsakiya. Duk wanda ya leƙa ofishinsa sai ya ga maɓallin nan, ko da gaisuwa ta kawo shi.

Ranar Laraba mutum shida suka zauna jarrabawa. Uwani ta duba agogon hannunta, ƙarfe goma daidai, ta yi bismillah ta danna FARA. Tana kan tambaya ta ashirin da biyu allon ya yi ja, ya rubuta mata lokaci ya ƙare.

Ta sake duba hannunta. Goma da kwata. Sauran biyar ɗin suna ta aikinsu hankali kwance.

Ta ɗaga hannu a hankali. "Oga, nawa ya rufe, kuma lokaci bai yi ba."

Ebenezer ya tako, katin aiki na lilo a wuyansa. Ya kalli allon, ya kalli agogonta, ya yi murmushi. Hausarsa irin ta Abuja ce, mace da namiji duk kai ne.

"Mama, kwamfuta ba ya ƙarya. Kai ne ba ka yi sauri ba. Wannan agogo naka, a go-sulo ka saye shi?"

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Uwani ta miƙe. Ta fita ta ɗauki bokitinta. Agogon nan da shi take auna mintocin jiƙa kaya a ruwan kashe ƙwayoyin cuta, bai taɓa ba ta kunya ba. Amma wa zai bar kwamfuta ya saurari mai goge-goge? Jumma'a da safe shugaban asibitin, Dakta Kure, zai sa hannu a sakamako, shi ke nan an rufe maganar.

Ranar Alhamis da hantsi tana goge ofishin kwamfuta, ta tarar da Amatullah ita kaɗai, yarinyar da aka ɗauka aikin rubuta manhaja wata biyu da suka wuce. Yarinyar ta haɗa rai tana kallon allo, wayarta a gefe tana ƙirga lokaci.

"Mama, maganarki ta jiya ta tsaya min a rai," in ji ta. "Sau tara na gwada, agogon jarrabawar daidai yake tafiya. Na karanta abin da Oga ya rubuta layi-layi, ban ga komai ba."

"To bar shi, 'yata. Wataƙila ba rabona ba ne."

"A'a. Ajiye tsumman nan ki zo ki zauna. Kada ki faɗa min yadda kika yi. Yi in gani."

Uwani ta goge hannu a zaninta, ta zauna a bakin kujera kamar za a kore ta. Ta kai linzami kan koren maɓallin, ta danna: ƙas-ƙas.

Amatullah ta riƙe mata hannu. "Sake."

Ƙas-ƙas.

"Sau biyu kike dannawa?"

"Haka Serah ta koya min. Ta ce in kina son abu ya buɗe a kwamfuta, sau biyu ne, da sauri."

Suka zuba wa lambobin agogon da ke kan allo ido. Hamsin da takwas, hamsin da shida, hamsin da huɗu. Bibbiyu suke zubewa.

Amatullah ta dafe kai. "Mama, kin ga maɓallin Oga? Duk dannawa ɗaya, sabon agogo yake tayarwa, kuma ba ya duba ko akwai wani yana tafiya. Kin danna biyu, agogo biyu suka tashi, kowanne na cire daƙiƙa a lokacinki. Kamar mutum biyu na ɗiban ruwa a randa ɗaya. Mu kuwa sau ɗaya muke dannawa, shi ya sa ba mu taɓa gani ba."

Idon Uwani ya ciko. Ba wuyar jarrabawar ce ta fi damunta tun jiya ba, dariyar ce.

Da Ebenezer ya dawo aka nuna masa, ya tsaya ƙiƙam. Ya gani sarai, amma bakinsa ya ƙi.

"Wannan ba laifin maɓalli ba ne. Wa ya ce ya danna biyu? Sakamako ya riga ya fita."

Amatullah na cikin watannin gwaji, kuma shi ne zai rubuta rahoto a kanta. Uwani ta san haka, har ta ja ta gefe ta ce kada ta jawo wa kanta. Yarinyar ta rufe kwamfutar ta rungume.

"Oga, mu je wurin Dakta tare, kai ka yi bayanin. Ba na son in je a bayanka."

A ofishin Dakta Kure, Ebenezer ya yi jawabi mai tsawo, rabi Turanci, yana zana da'ira a iska. Ya rufe da cewa: "Ranka ya daɗe, duk wanda ya san kwamfuta ba zai danna maɓalli sau biyu ba. Ba a yi."

Dattijon ya gyara tabarau. "Kawo in ga maɓallin da ake ta magana."

Ya jawo kwamfutar gabansa, ya lalubo linzami, ya kai kan FARA.

Ƙas-ƙas.

Duk suka leƙa allon. Hamsin da takwas, hamsin da shida. Amatullah ta kafa wa silin ido kamar an rubuta wani abu a can.

"Ebenezer," in ji Dakta Kure, "shekara ashirin ina danna komai sau biyu. Ashe ban san kwamfuta ba?"

"Ka sani, ranka ya daɗe. Sosai ma."

"To a gyara. Ba na sa hannu sai matar nan ta samu minti talatin ɗinta."

Gyaran bai wuce layi uku ba: da an danna maɓallin sau ɗaya ya dushe ya daina karɓa, kuma kafin a tayar da agogo a tsayar da na baya. Ebenezer da kansa ya rubuta, Amatullah na gefensa. Da ya gama ya fita neman Uwani, ya same ta a bakin famfo tana wanke bokiti.

"Mama, ka yi haƙuri. Agogo naka ya fi nawa gaskiya."

"Ya wuce, Oga. Maɓallin naka dai yana da kyau, wannan ba ƙarya."

Jumma'a da safe aka ba ta sababbin tambayoyi. Ta duba hannunta, ta yi bismillah, ta kalli Ebenezer, ta danna ƙas-ƙas.

"Na biyun na gwaji ne, Oga."

Lambobin suka riƙa sauka ɗaya-ɗaya. Ta gama saura minti huɗu, ta ci talatin da shida, babu wanda ya kai ta. Aka ba ta aikin. Ranar Litinin wata ce daban ta zo goge ƙarƙashin teburin kati, Uwani ta ɗaga mata ƙafa ta ce sannu da aiki.

Darasi: Idan ƙaramin ma'aikaci ya ce maka aikinka na da matsala, kada ka auna maganarsa da matsayinsa. Ja masa kujera ka ce ya nuna maka, domin kai ka san yadda ka gina abu, shi ya san yadda ake amfani da shi. Ku tura wa duk wani oga da kuka sani, da duk wata Uwani da aka yi wa dariya alhali ita ce da gaskiya.