Fararen Tsakuwa a Kaskon Moctar

Akwai wani ɗan kasuwa mai suna Alhaji Maazou, mutumin Maradi, da ke sayar da atamfa a unguwar Château Rouge a Paris. Yana da ƙane a Bron, kusa da Lyon, ana ce masa Moctar.

Moctar yana renon ƙananan itatuwa a barandarsa, irin waɗanda ake kira bonsai. Ana dasa itace a ɗan kasko, a riƙa datse reshe da saiwa, har ya tsufa bai wuce kamu biyu ba. Duk nasa 'yan asalin Ostiraliya ne, masu son rana da ƙasa mai tsane ruwa. Mafi tsufa a cikinsu itacen turare ne da matarsa Batula ta shuka kafin ta rasu. Kowace safiya shi yake fara dubawa.

Wata rana Alhaji ya kai ziyara, ya ga wani ɗan itace mai jan fure, ya ce a ara masa ya ƙawata kanti.

"Ɗauka, Yaya," in ji Moctar. "Amma kada ka ba shi ruwa sai ƙasar ta bushe. In ka ga wani abu ya canza, ka kira ni."

Alhaji ya yi dariya. "Ni za ka koya wa itace? Ina dashe a gonar Baba kana yawo ba wando."

A gidansu an tashe su da cewa ba a zubar da ruwan alwala a banza, gindin shuka ake kai shi. Haka Alhaji ya ci gaba da yi. Duk sallar da ya yi a kanti, sai ya juye abin da ya taru a roba cikin kaskon, yana ganin lada yake nema. Ga lokacin sanyi ne, rana ba ta leƙa kantin.

Furen ya fara zuba. Bakin ganyen ya yi baƙi. Sannan wani wari ya taso, kamar na rigar da aka naɗe da danshi. Da Alhaji ya duƙa, sai ya ga farar fumfuna ta kewaye gindin, bawon ya yi laushi.

Ya ɗauki waya. Ya tuna dariyar da ya yi. Ya ajiye ta.

Ya sa almakashi ya cire baƙin ganyen. Ya sayo fararen tsakuwa ya rufe saman ƙasar da su, har kaskon ya fi da kyau. Da Sallah ta zo ya hau jirgin ƙasa zuwa Lyon. Moctar yana kicin yana haɗa shayi, shi kuwa ya fita baranda ya ajiye kaskon a babban farantin da ruwan kasake ke tsiyaya a ciki, dab da itacen Batula.

"Ga amanarka nan, lafiya lau," ya ce.

"Har da ado, Yaya? Na gode."

Alhaji ya koma Paris. Duk lokacin da waya ta yi ƙara sai ya duba ko Moctar ne. Makonni suka wuce, har ya fara sakin jiki.

Ranar da kiran ya zo, yana auna wa wata mata yadi. Moctar bai tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Yaya, itacen Batula ya mutu. Wata cuta ta bi ruwan farantin ta shiga saiwarsa. Na fitar da shi, saiwar ta narke a hannuna."

Alhaji ya ce, "Inna lillahi. Daga ina?"

"Na ɗaga tsakuwar, Yaya."

Moctar ya ci gaba da cewa:

"Da ka faɗa mini, da na ware kaskon can gefe. Wanda na ara maka kaɗai zan rasa, kuma wallahi da ban ce maka komai ba."

Wayar ta katse. Matar ta ce, "Alhaji, ka yanka mana, ina sauri." Almakashin na hannunsa, ya kasa yankawa.

Darasi: Kuskure kowa na yin sa, amma wanda aka rufe saboda girman kai ba ya zama inda aka bar shi, yakan bi ta ƙarƙashi ya kai ga abin da ba a iya mayarwa. In amana ta lalace a hannunka, faɗa wa mai ita tun da sauran gyara. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani yana riƙe da waya yanzu yana shakkar kira.