Goggo Mu-Koma

Akwai wani marubucin wasan barkwanci na talabijin, a gida Auta ake ce masa. Allah ya ba shi kunne. Idan ka yi magana sau ɗaya a gabansa, ya ɗauke ta ke nan, har da inda kake jan numfashi.

Mahaifiyarsa, Umma, tana da wata ɗabi'a. Duk sanda za ta fita sai ta taɓa kan tukunyar gas, ta shinshina kicin, ta zare dutsen guga daga soket. Sai an kai bakin titi ta tsaya cak, ta ce, "Mu koma, ban duba ba." A koma, ta sake dubawa, sannan hankalinta ya kwanta.

Kowa a gidan ya san dalili. Kafin a haifi Auta, gobara ta tashi a gidan Umma tana kasuwa, ta cinye ɗanta na biyu yana barci. Auta ma ya sani.

Da gidan talabijin ya nemi sabon shiri, sai ya ƙirƙiro wata tsohuwa, Goggo Mu-Koma. Ya koya wa 'yar wasan tafiyar Umma, da yadda take matse jaka a hammata, da shinshinar nan. Gobarar kaɗai ya cire. A cewarsa, dalili ba ya ba mutane dariya.

Shirin ya karɓu. Amma unguwa ba makauniya ba ce.

Wata safiya Umma ta juyo daga bakin titi, masu jiran mota suka fashe da dariya. Mai shago ya leƙo ya ce, "Goggo, a duba mana da kyau."

Ta shiga gida, ba ta ƙara fitowa ba. Ba za ta iya tafiya ba tare da ta koma ta duba ba, kuma ba za ta iya komawa a gaban idon mutane ba. Har ranar ganin likitanta na hawan jini ta wuce tana ɗaki.

Yayar Auta ma'aikaciyar jinya ce. Daga asibiti ta wuce inda ake ɗaukar shirin, ta tarar da 'yar wasan tana shinshinar iska, masu kyamara suna danne dariya.

"Auta, zo nan."

"Yaya, muna tsakiyar aiki."

"Na gani. Uwarka ake ɗauka, ai dole a yi shiru."

"Ba Umma ba ce. Kowane marubuci daga gidansu yake ɗebo mutane. Ko sunanta ban sa ba."

"Ka kyauta. Jakar fa? Ita ma ka canza mata suna?"

"Mutane son Goggo suke yi, ba raini ba ne."

"To zo ka gaya mata haka, tana can ta saki labule. Ni ina tsaye aka fito da yaron nan daga ɗaki. Kai labari ka ji, shi ya sa ya yi maka sauƙin yankewa."

 Can sai fuskar Auta ta washe.

"Bari in gyara. Zan rubuta kashi guda a nuna gobarar. Duk wanda ya yi dariya sai ya yi kuka."

Yaya ta daɗe tana kallonsa.

"Ka gama sayar da mai rai, yanzu ka juya kan mamaci. Wallahi ranar da yaron nan ya fito a talabijin, ka nemi wata yayar."

Bai rubuta gobarar ba, bai kuma daina Goggo ba. Ba wanda ya kore shi daga gida. Sai dai da ya yi sallama, hira ta mutu. Kawunsa mai surutu ya koma "lafiya lau" kawai. Rijiyar da yake ɗiba ta ƙafe, ya shiga maimaita tsofaffin barkwanci, 'yan kallo suka gaji, gidan talabijin ya sauke shirin.

Yaya ce ta fito da Umma a hankali. Da sun kai bakin titi sai ta riga ta, da ƙarfi yadda kowa zai ji: "Umma, na manta wayata, raka ni."

Daga baya Auta ya zo ya durƙusa ya nemi gafara.

"Na yafe maka," in ji Umma. "Ai ɗana ne kai."

Ta zauna a miƙe, hannuwa bisa cinya, kamar mai jiran a ɗauke ta hoto. Ya jira ta ci gaba, ba ta ci gaba ba.

"Umma, ki yi mini hira mana, kamar da."

"Me zan ce, Auta? Ban san wacce za ka ɗauka ba."

Darasi: Abin da 'yan gidanku suke yi a gabanka ba tare da ɓoyewa ba, amana ce suka ba ka. Bayan ɗabi'ar da take ba ka dariya, wataƙila akwai ciwon da mai ita bai warke ba. Ana iya yafe maka, amma sakin jiki idan ya tafi da wuya ya dawo. Ku tura wa duk wanda ya mayar da iyayensa abin ba abokai dariya.